Shekarar da Sambo Ya Dawo da Sunana

Tunda Allah ya ja kwanana har ina zaune jikokina suna gardama a kan labarina kamar ba na wurin, gara in faɗe shi da bakina. Ku 'ya'yana kun ji ana cewa ubanku ya baro Gwandu ne saboda ƙyashin ƙanensa, Baffanku Sambo. Wasu har ƙari suke yi, wai faɗan gado muka yi. Babu gado a ciki, lokacin Baba yana nan da ransa da lafiyarsa. Ƙyashin kuwa gaskiya ne, kuma ban roƙi kowa ya wanke ni ba. Abin da nake so kawai ku san abin da na yi wa ƙyashin, don ba keke ba ne, ba kuma albashi ba, ko da yake su ma sun ɗan taɓa ni.

Mutanen gidanmu Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka kama hauya. Fulatancin ya tafi, amma al'adar tana nan daram. Ɗan fari namiji Dikko ake ce masa, mai bi masa Sambo. To ni ne Dikko, sunana na yanka Abubakar. Sambo kuwa Aliyu aka raɗa masa. Ku 'yan yanzu da kuke cilla ɗanku na fari sama a gaban surukai ba za ku gane kunyar ɗan fari ba. A zamaninmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa. Baba kuwa, Malam Bello, ya kai abin ƙarshe. Ko Dikkon ma ba ya faɗa. In yana nemana sai ya ce da ƙanwarsa Goggo Hajo, wadda ta goye ni ta yaye ni, a ce wa wancan ya zo. In muka yi kiciɓis a zaure ya dubi bango, ni in dubi ƙasa. Baƙo mai suna Abubakar in ya sauka gidanmu, Garba zai zama har ya tafi. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi a kowane gida.

Shekarar da aka ce kowace unguwa ta ba da yara a kai makarantar boko, mai unguwarmu ya ba da sunana, don ya ci goron sunan bai manta ba. Lokacin na fara riƙe hauya sosai, ina bin Baba a gona muna nome kunya bayan kunya. Sambo kuwa ɗan firit ne, kullum da majina, ko akuya ba ya iya korewa daga kan shanya. Ranar da manzo ya zo ɗaukar yaro ina gona. Manzon baƙo ne, bai san mu ba. Baba ya kamo hannun Sambo ya fito da shi ƙofar gida.

"Wanga ne Abubakar?" in ji manzon.

Baba ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

"Allah Sarki, ɗan fari ne ashe," in ji manzon. "Yi haƙuri, Malam, ban sani ba."

Ya ja yaro suka tafi. Mai unguwa yana tsaye yana gani, ya kau da kai. Baba bai yi ƙarya ba, bakinsa ma bai buɗe ba, mutumin kirki ne ya fassara shirunsa da abin da ya sani. Da na dawo Goggo ta ba ni labari, na yi ta tsalle, don a lokacin kai yaro boko kusan kamar an yi rashinsa ne. Haka Sambo ya shiga makaranta da sunana, kuma da shi ya yi ta cin jarrabawa.

Shekaru suka ja. Na yi aure da uwarku, na zama ni ke riƙe da gandu, wato gonakin gida da muke nomawa tare a ƙarƙashin Baba. Ni nake cewa ga inda za a fara shuka, ni nake shiryawa da makiyaya su kwana da shanunsu a gonarmu da rani don taki. Sai ga labari wai Sambo ya gama makarantar da yake, an tura shi wata can gabas, ta koyon aikin gona. Sa'o'insa wannan ya zama akawu, wancan malamin makaranta, wancan malamin asibiti, shi kuwa noma.

"Mi?" in ji Goggo. "Noma za a koya mishi? Ba ga hauya nan bayan ɗaki ba, mi ya kai shi wata uwa duniya?"

Duk gida aka yi ta dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. A raina na ce to madalla, da alƙalami ya zo mini da shi da ban da ta cewa, amma in noma ne ya zo ya same ni.

Ya dawo da bazara, gab da faɗuwar ruwa, a shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai. Ya dawo a kan sabon keke, da wandon kaki da takalmi sau-ciki, ya yi tsawo ya yi fes, majinar nan babu ko alamarta. An ba shi aikin malamin gona, zai riƙa zagaya ƙauyukan ƙasarmu. Juma'ar farko muna fitowa masallaci na ji an ce, "Malam Abubakar." Na waiwaya, ni da rabona da jin sunan nan tun ranar ɗaurin aurena. Ashe ba da ni ake ba. Mutumin ya wuce ni har kafaɗarsa ta goge tawa, ya je ya ba Sambo hannu biyu. Na tsaya ina gyara hula kamar dama abin da ya sa na juya ke nan.

Da la'asar muna cin tuwo a zaure, Baba da kwanonsa can gefe, mu da namu, sai Baba ya yi gyaran murya.

"To, Sambo, shi wanga karatu naku, ina yake kai mutum?"

"Hanyoyinshi da yawa, Baba," in ji Sambo. "Cikin waɗanda munka gama tare, akwai wanda anka kai kasuwar kaɗa, wato auduga, shina duba mai kyau da marar kyau kafin a auna. Akwai wanda masu sayen gyaɗa sunka ɗauke tun bai kwance kayanshi ba. Wani kuma aikinshi haɗa kan manoma su sayar da amfaninsu tare, kada dillali ya ci su ɗaya bayan ɗaya. Ba noman kaɗai anka koya muna ba, har da yadda manomi zai ci guminshi. In mutum ya yi haƙuri, wata rana ƙasa guda za a ba shi ya duba."

"Madalla, Sambo," in ji Baba. "Allah shi yi albarka, Sambo."

Tuwon nan geron da na noma ne, amma na tsame hannuna. Na sha ruwa na tashi.

Ba a yi nisa ba Sambo ya roƙi Baba gonar da ke kan hanyar Dodoru, wai a yi gonar gwaji mutane su gani da idonsu. Ita ce gonar da ta fi kowace kyau a gandunmu, kuma ni na mai da ita haka, shekara da shekaru ina lallashin makiyaya da hura da goro. Baba bai tambaye ni ba, dama ba zai iya ba. Saƙo kawai ya zo ta bakin Goggo, wai a ce wa wancan ya kama wa ƙanensa. Aka kawo bijimai biyu da garmar ƙarfe da karkiya, itacen da ake ɗora musu a wuya. Sambo ya nuna mini yadda ake ɗaurawa da yadda ake riƙo, ya hau kekensa ya tafi yawon ƙauyuka, don aikinsa ke nan. Ni aka bari da shanun da ba su taɓa jan ko tsinke ba. Na ɗaura musu gungume suna ja, suna kwanciya, suna tsinke igiya, ɗayan ya taɓa maka ni da ƙasa har na yi kwanaki ina ɗingishi. Makiyayan da muka saba da su in sun zo wucewa sai su dogara da sanda su tsaya kallo.

"Dikko, ka mai da sa jaki?" in ji wani dattijo cikinsu. "Kakanka da ya ga wanga abu da ya yi kuka."

Wallahi a raina na so abin ya lalace. Na so garmar ta karye, na so takin zamanin nan fari da ya kawo ya ƙone shukar, a taru a yi wa Malam Abubakar dariya. Amma hannuna bai iya mugun aiki a gonar ubana ba, ko na so. Na yi huɗa miƙaƙƙiya, na bar tazarar da ya ce, na cire yabanya na rage kamar yadda ya ce ko da yake raina yana ƙuna, na yi noma na yi maimai a kan kari. Abin haushin kuma, yaron nan duk abin da ya faɗa daidai ne. Gero ya tashi ya yi baƙi ƙirin don lafiya, zangarniya kamar damtsen mutum. Da ma yana da girman kai da na sami abin riƙewa. Ina. Kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni, Yaya kaza Yaya kaza, ya kawo wa uwarku sabulu da turmin atamfa. Wata rana ma muna kwance wa shanun karkiya ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa:

"Yaya, maganar sunan nan, na so in gyara. Sun ce takardu sun yi nisa."

"Riƙe abinka," na ce. "Ni mi zan yi da shi, shanu za su kira ni?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Da gero ya nuna, kafin a girbe, aka sa ranar nuni. Da hantsi gonar ta cika. Manoma sun zo daga Dodoru da ƙauyukan kewaye, ga wakilin hakimi, ga wani Bature shugaban su Sambo da tafintansa. Aka ce in ɗaura shanu in yi huɗa a ɗan filin da aka bari, mutane su ga yadda ake yi. Na yi. Na kai ƙarshe na juyo da su ba tare da na ɗaga murya ba, na tsaya a bayansu riƙe da garma, zufa tana zuba, ƙafafuna duk ƙasa. Sambo yana can gaba cikin kakinsa kusa da Baturen. Baba yana tsakiya, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Sai wakilin hakimi ya juyo wurinsa.

"Malam Bello, Allah ya ba ka ɗiya maza. Wanga aiki na wa ne cikinsu?"

Na ɗauka Baba ba zai amsa ba. Sai na ga ya juya fuskarsa wajen Sambo, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Aikin Abubakar ne."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan daga bakinsa ba sai ranar. Na san ba zan ji ba, na kuma haƙura, don na ɗauka sunan yana ajiye ne a wurinsa saboda nauyinsa. Sai ga shi ya fito da shi a gaban jama'a, a gonar da na kashe kaina a ciki, ya miƙa wa Sambo. Mutane suka ɗauki madalla, Baturen ya kama hannun Sambo yana girgizawa. Ni kuwa ina can bayan shanu, na kasa ɗauke idona daga kansu. Wannan shi ne ƙyashin da kuke jin labari. Na kora shanun zuwa inuwa, na daɗe ina kwance igiyar da ba ta da wuyar kwancewa.

Na bari aka girbe, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbu, don kada a ce na gudu na bar aiki. Sannan na sami Goggo tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, na ce ta gaya wa Baba zan fita gandu, zan koma Kalgo wurin dangin uwarku.

"Kalgo? Mi anka yi maka?"

"Ba a yi mini komai ba."

"Dikko, ni na goye ka. In don keke ne, kai ma Allah na iya ba ka."

"Goggo, yana da Abubakar ɗinshi. Gida ɗaya bai ɗaukar biyu."

Ta ajiye mazari ta dube ni, ta ce in ji tsoron Allah, uba bai kai waɗanga shekaru ba a bar shi da ƙananan yara. Na ce ai malamin gona yana nan. Ta kai saƙon. Amsar da ta dawo da ita, wai wancan a ba shi jaki da geron da zai kai shi wata kaka. Ko a ce me ya sa, ko a ce ya dakata, babu. Da safen da za mu tafi na durƙusa a ƙofar zaure na ce, Baba, za mu tahi. Yana duban bango ya ce, to, a sauka lahiya. Na ɗan jira ko akwai saura, babu saura.

A Kalgo kawun uwarku ya ara mini fadama. Ni mutumin tudu, ban san shinkafa ba sai a kwano. Na shiga ruwa har cinya, matsattsaku suna shan jinina, sauro yana ƙarasa abin da suka bari, yaran gari suna dariyar yadda nake riƙe lauje. Damina ta farko ruwa ya zo ya shafe rabin abin da na shuka. Amma tun ranar da na sauka na gaya wa kowa sunana Abubakar, ban yarda wani ya ji Dikko ba. Daga Kalgo har Diggi da shi aka san ni, masunta da manoma da masu awo a kasuwa, safe da yamma Abubakar, Abubakar. Na ɗauka zan ji daɗi. Ashe sunan yana fitowa daga kowane baki ne ban da wanda nake so, sai ya zama kamar kowane suna.

Shekara tana zagayowa aka yi wa Sambo ƙarin girma, aka ɗauke shi aka kai shi can gabas. Haka aikin nasu yake, ba a barin mutum ya tsufa wuri ɗaya, kuma shi ya sani tun ranar da yake lissafa wa Baba hanyoyi a zaure. Baba ya rage daga shi sai ƙannenmu ƙanana. Bijiman nan ba wanda ya iya da su, aka sayar. Gonar hanyar Dodoru rabinta ta koma saura, ciyawa ta cinye. Nakan je da Sallah in durƙusa in gaishe shi, in ga ya rame, in ga kaushin hannunsa ya dawo sabo. Bai taɓa cewa in dawo ba, ni ma ban taɓa cewa zan dawo ba. Goggo ce kawai take raka ni har bakin gari tana faɗa, ina cewa to, to. Da damina Baba ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kafin saƙo ya ƙetare ruwa ya same ni, kafin in isa Gwandu, an riga an kai shi.

Sambo ya iso bayana a motar ofis. Muka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Wata azahar da mutane suka tsagaita, ya rage daga ni sai shi a kan tabarma, sai ya matso.

"Yaya, yanzu babu wanda za a ji ma kunya. Mi ya kai ka Kalgo?"

Na so in ce shinkafa. Amma na gaji, kuma wanda nake ɓoye wa ba ya nan.

"Ranar nunin nan," na ce. "An tambaye shi aikin wa ne, ya ce na Abubakar. Sau ɗaya ya faɗi sunan nan a duniya, kuma kai ya ba."

Sambo ya girgiza kai.

"Yaya, Baba bai taɓa ce mini Abubakar ba. Ko a gaban Bature Sambo yake ce mini, ko da anka yi mishi magana bai daina ba. Shi ya san wanda ya yanka ma rago da wanga suna."

"Kai yake kallo. Ina bayan shanu, da idona na gani."

"To wa kake so ya kalla?" in ji Sambo. "Mutumin da bai iya dubanka in kun haɗu a zaure, shi zai faɗi sunanka a gaban jama'a kuma ya dube ka? Ai dole ya nemi inda zai ajiye idonshi. Ni na san ba da ni yake ba, kunya ce ta hana in janye hannuna daga na Baturen. Na ɗauka kai ma ka sani."

Wasu mutane suka yi sallama, muka tashi muka karɓi gaisuwa, aka yi addu'a aka shafa.

Ko gaskiya Sambo ya faɗa, ko lallashina yake don ya ga halin da nake ciki, wanda zai raba mu gardama yana ƙasa. Na sha juya maganar ina tsaye cikin ruwa a fadama. In gaskiya ce, to na bar tsoho da hauya a hannu a kan yabon da ya yi mini, wanda bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. Wannan nauyin ni na san yadda nake kwana da shi, ba sai kun taya ni ba. Amma kada ku ɗauka maganar Sambo ta warkar da ni. Mun tsufa tare muna zumunci, ya yi muku hidimar makaranta, ban da abin faɗa a kansa sai alheri. Duk da haka in na rufe ido na ga gonar nan da hantsi, ga Baba cikin babbar riga, ko da ni yake nufi, Sambo ya kalla. Ina kishin wannan kallon har yau.